Shagon da Hajiya Bibata Ba Ta Buɗe Ba

Wanda ya cuci Hajiya Bibata bai fasa mata ƙofa ba, bai haura katanga ba. Sunanta ya sata, ya rataya shi a ƙofar wani ɗaki, ya sayar da guba a ƙarƙashinsa, shanun mutane suka mutu. Da ya ga asirinsa zai tonu, sai ya ja gefe ya yi shiru, ya bar gari yana nuna marainiya da yatsa. Wannan ɓarawo ne, azzalumi ne, matsoraci ne kuma. Mutanen Gaya da suka taya shi da bakinsu su ma ba su fita ba.

Hajiya Bibata maganin dabbobi take sayarwa. Shagunanta uku ne: babba a Gaya kusa da kasuwa, ɗaya a Bengu, ɗaya a Zabori. Allo iri ɗaya ne a kansu duka, kore, da hoton kan saniya, an rubuta Albarkar Kiwo. Ba ta taɓa sayar wa kowa ruɓaɓɓen magani ba, kuma da wannan aka san ta.

Wata safiya Rugga Hadi, shugaban makiyayan da ke sauka bakin kogi, ya zo da mutanensa. Bai yi sallama ba. Ya kwance buhu ya juye a ƙofar shago. Kwalaben allura ne da aka ƙarar, da wutsiyoyin shanu, domin makiyayi in saniya ta mutu a hannunsa wutsiyarta yake yankowa shaida.

"Hajiya, ga kayanki."

"Kayana kamar yaya, Rugga?"

"Baƙina ne da suka sauko daga arewa. Maganin sammore suka saya a sabon shagonki na bayan tashar manyan motoci. Duk wadda aka yi wa allura wuyanta ya kumbura, ta daina kiwo, ta kwanta ba ta tashi ba."

"Ni ba ni da shago a bayan tasha. Uku gare ni, kai ma ka san su."

Ɗaya daga cikin baƙin ya zaro salula daga aljihu ya miƙa mata. A kan taswirar da ke cikin wayar, ga Albarkar Kiwo a bayan tasha, da hoton ƙofa, da koren allonta, da kalaman yabo na masu saye. Babban shagon da take tsaye a cikinsa kuwa, an rubuta a ƙarƙashinsa cewa an rufe shi, an koma sabon wuri.

Hajiya ta zauna kan kwali. Duk wanda ke wurin ya juya ya dubi mutum ɗaya: Rahina, ɗiyar ƙanen Hajiya da ya rasu, wadda Hajiya ta raina har ta gama lise, wato sakandare. Kowa ya san ita ce ta sa shagunan a cikin waya, ita ke kula da su.

"Gwaggo, wallahi ban san da wannan ba," in ji Rahina.

Faruk, mai tsaron babban shago, mutum mai sanyin murya da ba ya rabuwa da tasbaha, ya daɗe yana wa Hajiya aiki. Ya matso ya ce, "Hajiya, kada a yi gaggawa. Yarinya ce. Ƙila wani ne ya ruɗe ta."

Rugga ya ce, "Ni ba shari'a na zo yi ba. Daga nan zuwa ranar kasuwa, a kawo mini mai shagon nan. In ba a kawo shi ba, ita zan kai birgadi, ofishin jandarma, su tambaye ta da irin tasu tambayar."

Hajiya ta miƙa hannu ba ta dubi Rahina ba. "Ba ni wayarki." Rahina ta ba ta.

Kafin azahar gari ya gama yanke hukunci. A wurin mai shayi aka ce tana da saurayi a ƙetaren kogi, shi ke kawo mata jabun kaya. A bakin rijiya aka ce dama yarinyar da kullum kanta ke sunkuye kan waya ba za ta ƙare lafiya ba. Babu wanda ya ga saurayin. Babu wanda ya ji kunyar faɗa.

*

Hajiya ta aika aka kira Gado Mai Sawu. Tsohon mafarauci ne, Ba'are, wanda ke bin sawun dabbobin sata daga fadama har kan dutse. Jandarma ma sukan nemi shi. Ba shi da daɗin baki, kuma bai damu ya samu ba.

Rugga na ganinsa ya ce, "Ba'are aka kira? Me ka sani game da saniya ban da romonta?"

"Na san ku ke ɓatar da ita, ni ke nemo muku," in ji Gado. Ya dubi wutsiyoyin, fuskarsa ta canza, wasan taubasantakar Ba'are da Bafulatani ya ƙare a nan. Ya ce wa Hajiya, "Ni ƙasa nake karantawa. Ɓarawon da ya bi ta iska ban san yadda zan yi da shi ba. Amma shago ba ya tsayuwa a iska. A kai ni wurin."

Ɗaki ne guda a jikin wani gida, ƙofarsa na fuskantar titi, a buɗe, ba komai ciki sai ƙusoshi biyu a saman ƙofa inda allo ya taɓa zama. Mai gidan tsohuwa ce mai suyar kifi, ana kiranta Inna Kadi.

"Wa kika ba haya, Inna?"

"Wani ɗan kirki. Fuskarsa dai ban gani ba, kullum da hular moto, ya naɗe baki da rawani, ya ce mura ke damunsa. Ba shi ke zama ba. Wani baƙo ya ajiye, mai Hausar bakin teku. Shi kam shekaranjiya ya shiga jirgi ya ƙetare kogi."

"Mai rawanin fa?"

"Ya zo bayansa ya kwashe kwalaye da allo. Kai, yaron nan da tarbiyya! Sai da ya share mini ƙofa tas kafin ya tafi."

Gado ya tsuguna. Ƙasar wurin mai laushi ce, irin wadda ko ƙadangare ya wuce sai ta nuna. Amma daga titi har bakin ƙofa babu tafin ƙafa ɗaya, babu tayar moto, sai zanen tsintsiya. Ya daɗe yana dubawa, ransa na ɓaci.

"Wanda ya yi sharar nan ya san ni," in ji shi. "Ya san za a kira ni. Ɗan gari ne." Ya sa aka jawo ƙaya aka kewaye wurin, ya ce kada kowa ya taka.

*

Ya sami Rahina a tsakar gida tana wanke-wanke, idanunta sun kumbura.

"Ɗiyata, ba kuka na zo ji ba. Gaya mini yadda abin nan yake, kamar kina magana da wanda bai taɓa riƙe waya ba. Kusan hakan ne ma."

Ta goge hannu. "Baba, da in baƙo ya sauka gari, mai shayi yake tambaya ina ake sayar da kaza. Yanzu waya yake tambaya. Ya ce mata maganin dabbobi, ta jera masa shagunan da ke kusa da shi. Wanda ta sa a sama, shi ake zuwa. Aikina in sa namu a sama a duk garin da muke. Kowane shago na buɗe masa shafinsa. Suna ɗaya ne, ko harafi ba a canzawa, amma kowanne da alamarsa a taswira, da lambar wayarsa, da lokacin buɗewa da rufewa, da hotunansa. In mutum ya saya ya ji daɗi, mu roƙe shi ya rubuta ya faɗa. Da muka yi haka, makiyayan da ba su taɓa jin sunan Gwaggo ba suka fara zuwa Bengu da Zabori kai tsaye."

"To, ta yaya waya ke yarda shago naku ne?"

"Shaida take nema. A nuna mata allo a kan ƙofa, a nuna kaya a kan kanta. Allon da ke hoton nan na gaske ne, Baba, ba sabon zane ba ne. Ɗaya ne daga cikin namu. Kuma wanda ya rubuta an rufe babban shago, da wayar shago ya yi. Tana ajiye bayan kantar shago."

"Wa ke shiga bayan kanta?"

"Ni, da Faruk. Da Bawa na Bengu da Abdulhakim na Zabori in sun zo ɗaukar kaya. Duk ukun ni na koya musu. Na koya musu amsa masu saye, da canza lokaci in salla ta zo. Na ce musu in za a ɗauki hoton shago a share ƙofa tukuna, waya ba ta son ƙazanta."

"Ke ina kike har aka yi duk wannan ba ki gani ba?"

Ta sunkuyar da kai. "Ina Doso, a asibiti. Ina jinyar ƙafar Gwaggo."

Gado ya tashi.

*

Mutum na farko da kowa zai zarga bayan Rahina shi ne Alhaji Alasan, mai irin wannan sana'a a ɗaya gefen kasuwa, wanda ba sa ga maciji da Hajiya. Gado ya same shi yana cin goro.

"Alhaji, an ce tun da matar nan ta shiga waya cinikinka ya ragu."

"An faɗi gaskiya. In shagonta ya rufe gobe, ba zan yi kuka ba. Amma ka dube ni da kyau, Gado. Ni da shanu nake ci. Matacciyar saniya ba ta sayen magani." Ya tofar da goro. "Bari in ƙara maka wata. Kafin damina ta ɗauke wani mai jirgi ya zo mini da irin kwalaben nan, tsofaffi ne da lokacinsu ya wuce, an liƙa musu sabuwar takarda. Na kore shi. Da zai fita ya ce in ni ban so ba, akwai mai so a gidan Hajiya."

"Bai faɗi suna ba?"

"Ban tambaya ba. Na ɗauka ita ce da kanta, na ji daɗi ma. Allah ya yafe mini wannan."

Gado ya fita da abu ɗaya: ɓarawon cikin gida yake. Wannan bai taimaki Rahina da komai ba.

*

Ya hau kabu-kabu zuwa Zabori. Tun daga nesa ya ga allon shagon da sababbin ƙusoshi. Abdulhakim, siririn mutum mai yawan rantsuwa, ya ce allon bai taɓa sauka ba tun da aka kafa shi.

"Ƙusa ba ta tsatsa a Zabori ke nan," in ji Gado. "Malam, ni ban zo da jandarma ba, amma na san hanyar ofishinsu."

Abdulhakim ya fara gumi. "Baba, ka rufa mini asiri. Iska ce ta kayar da shi, lokacin na rufe shago na tafi yankan gero, ban gaya wa Hajiya ba. Da na dawo na tarar ya tsage, na kai shi Gaya a ɓoye don a gyara. Na jingine shi a ɗakin ajiya na bayan babban shago. Ya jima a can kafin a turo mini shi."

"Wa ya san yana can?"

"Duk mai shiga ɗakin ajiya."

Malalaci ne, maƙaryaci ne, amma ba shi da zuciyar da za ta ɗauki irin wannan aiki. Gado ya bar shi yana rantse-rantse.

Ya kwana a hanya, ya isa Bengu da sassafe. Bawa ƙato ne mai babbar murya, kuma kowa ya san sun taɓa yin faɗa da Rahina.

"Faɗa kam mun yi," in ji Bawa. "Wani ya rubuta a waya cewa mai shagon Bengu ba ya amsa gaisuwa. Na ce ta goge, ta ce ba a gogewa, sai dai in koyi gaisuwa. Yarinyar da aka haifa a gabana! Na ce Allah ya nuna mini ranar da wayar nan za ta ci kanta."

"Ga shi ya nuna maka."

Bawa ya ce, "Baki ne, Baba. Ban so ta kai haka ba."

Ya ɗauki tsintsiya ya fara share ƙofar shago kamar yadda kowane mai shago ke yi da safe. Ya fara daga bakin ƙofa yana turo shara waje, har ƙura ta rufe ƙafar Gado da ke tsaye a gefen titi.

"Matsa mana, Baba, kada in haɗa da kai."

Gado bai matsa ba. Yana kallon zanen da tsintsiyar ke bari a ƙasa, yadda yake buɗewa daga ƙofa ya bazu zuwa titi. Bai yi wa Bawa sallama ba ya tsai da moto ya koma Gaya.

Ya janye ƙayar da ke ƙofar ɗakin Inna Kadi ya sake tsugunawa. A zuwan farko ƙafa yake nema, shi ya sa bai ga abin da ke gabansa ba.

"Inna, mai rawanin nan, da ya yi shara, ina ya tara ta?"

Tsohuwa ta nuna da cokalin suya. "Nan, a bakin ƙofa. Ya kwashe a leda ya tafi da ita."

*

Ana gobe kasuwa, da hantsi, Gado ya tara su a ƙofar babban shago. Ga Hajiya a kujera, ga Rugga da baƙinsa, ga masu tsaron shagunan uku, ga Rahina a tsaye can gefe ita kaɗai. Inna Kadi ta zo da ƙyar don ta bar kifi a wuta. Wani jandarma ya zauna kan benci yana kallo. 'Yan kallo kuwa sun cika titi, yawancinsu sun zo ne su ga an tafi da yarinya.

Gado ya kawo buhun ƙaiƙayin shinkafa ya watsa tun daga ƙofa har titi. Ya ɗaga tsintsiya.

"Ku huɗu ke shiga bayan kanta. Kowa zai share wurin nan, ɗaya bayan ɗaya. Bawa, fara."

"Baba, in amarya mai iya shara kake nema, ni an riga ka," in ji Bawa. Mutane suka yi dariya. Ya share, ya tura ƙaiƙayi kan titi.

Aka sake watsawa. Abdulhakim ya yi tasa, ya bar rabi, amma shi ma titi ya nufa. Rahina ta karɓa ba ta dubi kowa ba, ta share daga ƙofa zuwa kwata, ta ajiye tsintsiya.

Faruk ya sa tasbaha a aljihu. Shi a tunaninsa tarko ne na sawu: Gado na so ya ga tafin ƙafar kowa a kan sharewar ƙasa. Saboda haka ya tuɓe takalmansa ya ajiye can nesa, yana takawa a hankali, yana share duk inda ya taka. Ƙafarsa yake tsaro, ya manta da hannunsa. Ya tafi bakin titi ya fara daga can, yana jawo ƙaiƙayi ciki, yana jawowa, har ya tara shi tsibi guda a bakin ƙofar shago. Ya durƙusa zai kwashe.

"Tsaya nan," in ji Gado. "Kada kowa ya taka. Hajiya, ba yarinyar nan wayarta ta buɗe mana hoton shagon ƙarya. Ɗiyata, ƙara girman ƙasar, ba allon ba."

Rahina ta buɗe hoton da yatsu biyu. Gado ya riƙe wayar kusa da ƙasa, Rugga da jandarma suka leƙo. Zanen tsintsiyar da ke cikin hoton da wanda ke gabansu iri ɗaya ne: daga titi yake tahowa, ya tsuke, ya haɗu a bakin ƙofa.

"Duk mai shara waje yake kora ta," in ji Gado. "Wanda ya share ƙofar shagon ƙarya don hoto ya yi kyau, ciki ya jawo ta. Wanda ya koma ya share don ya ɓatar mini da sawu, shi ma ciki ya jawo ta. Yana nan har yanzu, na sa ƙaya, mai so ya je ya gani."

Hajiya ta dafa kujera. "Sharar tsohon maigidansa ce ta Malanbil, can ƙetaren kogi," in ji ta. "Tun zuwansa nake hana shi. Ya ce maigidan da ya koya masa kasuwa ne ya horar da shi haka. Na ce camfi ne, na gaji na ƙyale shi."

Faruk ya miƙe yana murmushi. "Haba Baba Gado. Ni kaɗai ke irin wannan shara a duniya?"

"Duniya ban gama zaga ta ba. Amma cikin masu iya taɓa allon Zabori a ɗakin ajiya, su taɓa wayar shago, kai kaɗai ne. Inna Kadi, matso."

Tsohuwa ta matso ta ƙura wa Faruk ido, ta karkata kunne. "Sake magana, ɗana."

Faruk bai buɗe baki ba.

"Ko ka yi shiru na riga na ji," in ji ta. "Muryar ce. Ranar nan na ce maka, ɗana, ai shara waje ake yi da ita. Ka ce mini kai ba ka share ƙofar shago zuwa titi, wai masu saye bin sharar suke su tafi. Na yi ta sa maka albarka, ashe ɗakina ka mayar mahauta."

Jandarma ya tashi daga benci.

Nan sanyin muryar Faruk ya ƙare. Ya juya kan Hajiya. "Ni na ɗaga shagon nan! Tun kina tallar ƙwaya a faranti nake tare da ke. Rana ɗaya kika ɗauko yarinya kika ɗora a kaina, komai sai a ce a tambayi Rahina, a tambayi Rahina. Ni me na samu? Na ce ni ma in gwada abin da ta koya mana, in ci da sunan da na sha wahalarsa. Ban san maganin zai kashe ba. An ce mini ƙarfinsa ne kawai ya ragu."

"Ba ka san zai kashe ba," in ji Rugga. "Da ya kashe fa? Ina tsaye a nan ka ce wani ne ya ruɗi yarinya."

Baƙin Rugga suka yo kan Faruk da sanduna, Rugga ya shiga tsakani ya daka musu tsawa da Fulatanci, suka tsaya. Jandarma ya kama hannun Faruk, ya tafi da shi ba takalmi.

'Yan kallo suka fara watsewa. Waɗanda jiya suka san sunan saurayin ƙetare, yau kowannensu cewa yake dama shi bai yarda ba. Ko mutum ɗaya bai tsaya ya nemi gafarar yarinyar ba. Rugga ne kaɗai ya je gabanta ya cire malfarsa.

"Ɗiyata, na yi miki barazana a gaban jama'a, a gaban jama'a nake janyewa. Ki yafe mini."

"Na yafe, Baba. Allah ya mayar muku da alheri."

Hajiya ta kira ta. "Rahina, zo ki zauna kusa da ni."

Rahina ta zo, amma ba ta zauna ba. "Gwaggo, akwai aiki. Har yanzu waya na cewa shagonmu a rufe yake, na ƙarya kuma yana sama. Zan kai ƙara a sauke shi, in mayar da namu, in rubuta a shafin kowane shago cewa uku ne gare mu, babu na huɗu. Zai ɗauki lokaci kafin baƙi su sake yarda da mu."

"Ba maganar shago nake ba."

"Na sani, Gwaggo. Ita ma waccan za ta ɗauki lokaci."

Ta shiga ciki. Hajiya ta rufe fuska da mayafi.

Da jandarma suka binciki gidan Faruk, sun sami sauran kwalaben a ƙarƙashin gado, da takardun da ake liƙa musu, da wayar da ya buɗe shafin ƙarya da ita. Baƙon da ya ƙetare kogi ba a same shi ba. Kotu ta yanke wa Faruk ɗaurin shekara huɗu a gidan kaso, ta hana shi sayar da maganin dabbobi har abada, aka sayar da motonsa da filinsa aka ba masu shanu.